Dutsen da Na Goge wa Cibiya

Sai da na tsufa, na haye teku, sannan na san akwai maza masu furfura da ke zama suna raɗa wa dutsen kwalba suna. A garinmu aikin 'yan mata ne, kuma yarinya na fara ƙirgar dangi take barinsa. A nan kuwa na ga dattijo, Bature, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya jera su a kan tebur, kowanne cikin ɗan gurbinsa na auduga, kowanne da 'yar takarda a gefe kamar majinyata a asibiti.

Wata Asabar ce 'yata ta ja ni kasuwar tsofaffin kaya, wai likita ya ce in riƙa miƙe ƙafa. Ni dai taga ta ishe ni. Gidanmu yana bayan titin Gate City Boulevard, hawa na biyu, kuma daga tagar nan ina ganin wanda ya fita da wanda ya shigo, da 'yar wanda ke zame ɗankwali da zarar motar ubanta ta sha kwana. Yaran mutanenmu ba sa son haɗa ido da ni, ni ma ban roƙe su ba. Tun ina ƙarama aka san ni da haka, ba na ganin abu a karkace in wuce. To ranar ina bin 'yata a baya, ina ƙyamar takalman da wasu suka gama sawa, sai na ji wata ƙara. Ƙas. Wani ne ya ɗauki duwatsun kwalba biyu a teburin dattijon nan ya gwara su. Ƙafata ta tsaya da kanta.

Na ce da 'yata, "Mene ne a takardun nan?" Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makaranta, baƙaƙen boko duk tururuwa ne a idona.

"Sunayensu ne, Inna."

"Karanta in ji."

Ta sunkuya tana karantawa tana juya mini. Wannan idon kyanwa. Wancan jinin bijimi. Ga wani fari mai zane-zane, wai ruwan romo. Wani kuma ɓawon albasa.

Na ce, "Tambaye shi, ya taɓa ɓare albasa da hannunsa?"

"Haba Inna."

"Tambaye shi na ce."

Ta tambaya, tsohon ya yi dariya har da tari. Ya ce matarsa ma haka take faɗa kafin ta rasu. Daga nan bakinsa ya buɗe, 'yata na bin sa da ƙyar. Ya ce waɗanda suka ƙera tsofaffin, can Jamus, ba ruwansu da waɗannan sunaye, awo suke yi su zuba a kwali. Yara ne suka fara raɗa wasu, masu tarawa suka zo daga baya suka ƙara nasu, kuma har yau ba su daina musu ba. Wanda yake kira ɓawon albasa, ya ce, lokacin da ya shiga harkar dattawan cikinta ƙarshen yini suke ce masa, don sun ɗauka da ragowar kwalbar da ta saura in za a tashi aiki ake yinsa. Daga baya wasu suka ce a'a, aka raba sunan biyu, wasu tsofaffin har suka mutu ba su yarda ba. Na ce a raina, ashe ko'ina haka ne. Sai na dubi ɓawon albasar nan da kyau, domin ina da ɗan'uwansa a ƙasan gwangwanin da nake zuba allura da zare.

Maza bil suke ce musu, su durƙusa a ƙasa suna harbawa da babban yatsa. Mu kuwa carabke muke yi da su. 'Ya'yan wasan tsakuwa ce, amma wanda ake cillawa sama, in yarinya ta isa, dutsen kwalba ne, don in ya tashi rana ta ratsa shi sai ka ce an watsa garwashi. Ba a sayar da irin tsofaffin nan a kantin garinmu. Daga hannu zuwa hannu suke zuwa, wani a aljihun tsohon soja, wani a ƙasan jakar fatake, wani kuma yaya ce ta bar wa ƙanwa da ta girmi wasan. Lokacin wasan ma satarsa ake yi, tsakanin ɗebo ruwa da surfe, kunne ɗaya yana wajen kiran uwa. In na rufe ido yanzu ina jin unguwar gaba ɗaya: lugude daga gida uku a tare, guga tana dukan ruwa can ƙasan rijiya, kurciya a kan gawo, wata tsohuwa tana korar awaki daga shanyar gero, da wannan ƙas ɗin in kwalba ta sauka kan tsakuwa a tafin hannu. Jikokina na nan suna da kayan wasa cike da ɗaki, amma gidan shiru kamar an yi rasuwa, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Na tambayi ƙaramar sunan 'yartsanarta, ta juya kwalin ta karanta mini da Turanci. Da sunanta aka sayo ta.

Mu kuwa suna muke yi sosai. Yarinya in ta samu sabon dutse ba za ta yi wasa da shi ba sai ta tara mu a gindin tsamiyar ƙofar gidan su Yaya Delu, ta kawo aya ko gyaɗa cikin tafi a raba. Yaya Delu ta ba mu shekara uku ko huɗu, ita ce alƙaliyarmu. Mai dutse ta raɗa mata sunan a kunne, ita kuma ta faɗa da ƙarfi kowa ya ji. Akwai Ruwan Rijiya, akwai Wuyan Zabo, akwai Hantar Rago, akwai wani rawaya mai tabo da muke kira Haƙorin Mai Goro, wanda mai shi ta yi kwana biyu tana fushi don ba sunan da ta so ba ne ya kama. Bayan an faɗi suna sai a zagaya da dutsen, kowace ta rufe ido ta shafa cibiyarsa da babban yatsa. Tsofaffin duk suna da cibiya, wani ɗan kaushi sama da ƙasa, kuma ba ka samun biyu da tasu ta zo ɗaya. Launi kan yi kama, shi ya sa ba ma dogara da ido. In rigima ta tashi, Yaya Delu za ta rufe ido ta shafa, ta faɗi sunan dutsen, sunan kuma ya nuna mai shi. Kakata in ta wuce ta gan mu sai ta ce, "Ku yi ta yi. Ranar da za ku raɗa wa na jini suna za ku san aya ba ta isa ba."

Ƙawata ta ƙut-da-ƙut, wadda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu, ita ta samu wanda ya fi kowanne. Kawunta ne ya kawo mata daga tafiya. Ja da kore da rawaya da shuɗi duk sun cakuɗe a ciki suna turereniya, ta sa masa Kasuwar Lahadi. Cibiyarsa na da ɗan tsini a gefe guda mai kama fata. Tana bari in cilla shi duk sa'ad da na so, ba ta taɓa hana ni ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai in na tuna. Wata safiya a bakin rijiya ta sunkuya ɗaukar tulu, ƙullin bakin zanenta ya kwance, dutsen ya faɗa cikin taɓo babu ƙara. Na gani. Na ɗora ƙafata a kai, na taya ta aza tulun, na ce ta yi gaba ina zuwa.

Kwana uku tana nema ina taya ta. Da hannu muka tone bakin rijiyar nan. A rana ta huɗu aka ba ni niƙan gero, na durƙusa gaban dutsen niƙa, in tura sau biyu, in goga cibiyar a gefe sau ɗaya, ƙarar niƙa ta haɗiye ƙarar. Na goge sama, na goge ƙasa, har ya yi santsi. Da aka dama kunu babana ya ce na yau da tsakuwa, innata ta zage ni, na sunkuyar da kai. Na jira har wata ya mutu wani ya tsaya, sannan na samo aya, na tara 'yan mata, na ce gwaggota ce ta aiko mini, sunansa Zanen Gwaggo.

Ƙawata na ganinsa ta miƙe tsaye. "Kasuwar Lahadi ne! Nawa ne!" Yaya Delu ta karɓa, ta rufe ido, ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Kasuwar Lahadi yana da ƙaya. Wannan sumul yake." Ƙawata ta fashe da kuka, ta ɗaga yatsa sama ta rantse da Allah, ta sake, ta sake, har sau uku. Ni ba wadda ta ce in rantse. Wa za ta ce? Ni ce mai kai ƙarar kowa, ni ce ba a taɓa kamawa da ƙarya ba. 'Yan mata suka hau tafi suna, "Ta rantse! Ta rantse!" Labari ya kai kunnen babanta, malami ne mai tsanani, ya zane ta da tsumagiya, wai ta kira sunan Allah a kan ƙarya saboda guntun kwalba. Ina jin kukanta ta katanga. Kafin damina ta wuce ba mai kiranta da komai sai Tarantse.

Sunan ya bi ta ɗakin miji, ya bi mu Makka shekarar da muka tafi tare, ya hau jirgi ya biyo ta nan. Matan Najeriya da na Gana da muke haɗuwa da su wajen suna da biki Hajiya Tarantse suke cewa, sun ɗauka sunan wani ƙauye ne. Abin mamaki, sati biyu kawai ta yi tana gaba da ni a wancan lokacin, sannan ta leƙo ta katanga ta ce in zo mu tafi itace. Ta ce wataƙila idonta ne ya ruɗe ta. Ita ta riƙe ni a haihuwata ta fari, ni na zauna da ita kwanakin takabarta. Ɗanta ne ya fara zuwa ƙasar nan, shi ya nuna wa mijin 'yata hanya, shi ya sa tsufa ya sake haɗa mu, ita a McLeansville cikin gonaki, ni a bakin titi. Kullum bayan la'asar sai ta kira ni a waya ta ce, "'Yar sanda, wa kika kama yau?" In ba ta labari tana dariya, tana ce mini in bar yaran mutane su sha iska. Dutsen kuwa ban ƙara cilla shi ba ko sau ɗaya. Na kasa nunawa, na kasa yarwa.

A watan da na ga teburin tsohon nan ƙawata ta ce mini za ta koma gida. Ba ziyara ba. Sanyi ya shiga ƙashinta, kuma ba ta son a binne ta inda ba a jin kiran salla. Ɗanta ya riga ya yanki tikiti, saura sati biyu. Na san in ta hau jirgin nan ba za mu ƙara ganin juna ba sai a lahira, a can kuma ba inda zan ɗora ƙafa in rufe komai.

Sai dabara ta zo mini, irin ta wancan lokacin. Na ce zan kai wa tsohon dutsen kyauta, ya jefa shi cikin ɗaruruwan nasa, ya ba shi sunan Turawa, ya ɓace mini. Da Asabar ta zagayo na ce da 'yata gwiwata na son tafiya. Ta dube ni, ta ɗauki mabuɗin mota.

Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya maƙala wani ɗan madubi a ido, yana juya shi a hankali. Ya ce ɓawon albasa ne, tsoho ƙwarai, ya girmi uwar da ta haife ni. Ya kwatanta wa 'yata yadda ake yi: a ja narkakkiyar kwalba ta zama sanda, a riƙa yankewa ɗaya-ɗaya da wani irin almakashi, wurin yankan nan shi ne abin da muke kira cibiya. Sai ya sake juya dutsen. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya yi wata magana ƙasa-ƙasa.

'Yata ta ce, "Inna, wai an goge shi."

"Tsufa ne."

Ta faɗa masa, ya girgiza kai. Ta ce, "Wai tsufa duk jiki yake ci, wannan wuri biyu kawai aka ci. Kuma ba da inji ba. A kan dutse mai kaushi, da hannu, hannun ma ƙarami, don ya karkace. Wai wani yaro ya sha wahala a kansa."

Abin da Yaya Delu ba ta gani ba, da 'yan matan unguwa, da malamin da ya ɗauki tsumagiya, ga wani Bature da bai san sunan garinmu ba ya karanta shi tas. Na daure na ce ta gaya masa na ba shi. Ya yi murna, ya jawo 'yar takarda da alƙalami.

Na ce, "Me zai rubuta?"

"Sunansa, da inda ya fito, da cewa an goge cibiyar."

"Ya bar na ƙarshen."

Tsohon ya ce ba zai iya ba. A wurinsu in an taɓa dutse dole a rubuta, ko kyauta ne, ko ba mai tambaya, kuma wanda ya ɓoye sauran ba sa ƙara zama teburi ɗaya da shi. Na miƙa hannu na karɓe abina. A mota 'yata ta ce, "Inna, hannun wa ne?" Na ce ta kalli hanya.

Ana saura kwana biyu ƙawata ta tashi, bayan azahar, aka taru sallama a gidan ɗanta. Mata sun cika falo, ga dambun zogale, ga wake da shinkafa na 'yan Gana, ga akwatuna biyu an ɗaure a bakin ƙofa. Da aka ci aka sha sai aka fara abin da aka saba in mutum zai yi doguwar tafiya. Kowace ta matso ta ce, "Hajiya, a yafe mu," ita kuma ta ce, "Ba ku yi mini komai ba, ni ma ku yafe ni." Magana ce da baki ya saba, ba mai tuna wani laifi takamaimai. Har aka zo kaina.

Ta ce, "Ke kuma 'yar sanda, ai sai dai mu mu nemi naki. Wa ke nan da ba ki taɓa kamawa ba?"

Aka yi dariya. Na kwance bakin mayafina, na kama hannunta na buɗe, na sa mata dutsen.

Ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi. "Zanen Gwaggo. Ashe yana nan?"

"Ba ni da gwaggon da ta taɓa aiko mini da komai. Kasuwar Lahadi ne. A bakin rijiya ya faɗi, na taka. A dutsen niƙanmu na goge shi."

Matan ba su san zancen ba. Na juya na faɗa musu duka, da rijiyar, da ayar, da tsumagiyar, da inda sunan da suke kiranta da shi ya samo asali. Ban taɓa jin muryata ta ƙanƙance haka ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta rufe ido tana shafa inda cibiyar take a da. Da ta buɗe ta ce, "Malam ya rasu yana ganin na rantse a kan ƙarya. Ranar aurena ma sai da ya ja mini kunne a kai."

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Ni kaina sai da na yarda ƙarya na yi. Na yi istigfari a kan rantsuwar nan a gaban Ka'aba, kina gefena riƙe da takalmana."

Wata 'yar Gana ta fara, "Hajiya, a yi haƙuri," ƙawata ta ɗaga mata hannu. Ta juya dutsen a tafin hannunta. Can sai ta ja tsaki.

"Dubi aikin banza. Ko gogewar ba ki iya ba, duk ya karkace. Ga ki shekara da shekaru kina gyara wa mutane ɗaurin zane."

Wata ta ƙyalƙyale da dariya, ta toshe baki. Ƙawata ta cilla dutsen sama za ta cafe, yatsun suka ƙi, ya faɗi ya gangara ƙarƙashin kujera. Mata biyu suka yunƙura, ta ce ba mai ɗauko shi sai ni. Na durƙusa da gwiwar nan tawa, ina lalube ina nishi, ita tana daga sama tana ba ni umarni. "Hagu. Hagu na ce, tsohuwar ɓarauniya." Da na miƙa mata ta ƙulle shi a bakin zanenta ta ce, "Na yafe, duniya da lahira. Tashi kafin a kira miki motar asibiti."

Wata daga cikin matan Najeriya, tana share ido da gefen mayafi, ta ce, "To Hajiya, yanzu me za mu riƙa ce miki?"

Ƙawata ta ce, "Ku dai ku ci gaba, bakinku ya riga ya saba, kwana biyu ne ya rage. Amma wannan," ta nuna ni da haɓa, "ta san sunan da Malam ya yanka rago ya raɗa mini. Ita kaɗai ce a ƙasar nan da ta taɓa kirana da shi. In ji."

Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi kamar ƙyauren da ya shekara ba a taɓa ba. Sau biyu ina farawa ina tsayawa. A na uku ya fito.

"Hauwa'u."

Ta gyara ɗankwalinta, ta gyara zama, ba ta yi gaggawa ba.

Ta ce, "Na'am."